Aikin bankin zuba jari da hidimar masu fasaha: lissafin da za ki yi kafin ki sa hannu

Tambaya:

Assalamu alaikum. Ina aiki a wani bankin zuba jari, a sashen da ke ba kamfanoni shawara kan haɗewa da sayen juna da neman jari. Shekarata ta uku ke nan, ana kuma sa ran ɗaga ni zuwa mataki na gaba. Tun ina ƙarama nake son zane da wasan kwaikwayo na dandali. Yanzu wata ƙaramar cibiya mai baje kolin zanen matasa, mai kuma ɗan dandalin wasa, ta nemi in shiga kwamitin amintattunta a matsayin ma'aji. Suna so in yi alƙawarin ba da wani kuɗi duk shekara har shekara uku, in kuma haɗa su da manyan abokan hulɗar bankinmu. Na yi niyyar ɗaukar alƙawarin rabin bonas ɗin da nake sa ran samu. Wani lokacin ma sai in ji kamar in ajiye aikin in koma wurinsu gaba ɗaya. Ku ba ni shawara.

Ƙanwarku.

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanwarmu. Mun ji daɗin wasiƙarki, domin masu zane da 'yan wasan dandali suna matuƙar buƙatar wanda ya iya lissafi kuma yake ƙaunar aikinsu, ba kasafai kuwa ake samun mai duka biyun ba. Sai dai abu huɗu kika ƙulle a ƙulli ɗaya: kujerar ma'aji, alƙawarin kuɗi, kai su wurin abokan hulɗar banki, da ajiye aiki. Kowanne da hukuncinsa. Ra'ayinmu shi ne ki riƙe aikinki, ki bayar daga albashi, ki bar abokan hulɗar banki inda suke, kujerar kuma ki nemi a ɗaga miki ƙafa har shekara guda.

Mu fara da kuɗin, don nan ne kyakkyawar niyya ta fi yin ɓarna. Bonas ana yanke shi ne bayan an rufe littafin shekara, gwargwadon abin da banki ya samu, da abin da sashenki ya kawo, da matsayin da aka ba ki tsakanin tsararki. Biyu daga cikin ukun nan ba sa hannunki. A 2021 bankunan zuba jari sun sha ciniki irin wanda ba su saba gani ba. A 2022 kuɗin ruwa ya tashi, kamfanoni suka ja baya daga haɗewa da fitar da sabon hannun jari, bonas ya zube, aka kuma rage ma'aikata. Bugu da ƙari, duk lokacin da kika ƙara girma, wani kaso na bonas ɗin zai daina zuwa a tsabar kuɗi. Hannun jarin bankin za a ba ki, wanda ba zai zama naki ba sai a hankali, galibi cikin shekara uku, kuma in kika bar aiki kafin wa'adin yana iya salwanta. Ga haraji yana jiran rabonsa. Saboda haka rabin bonas adadi ne da ke kanki ba ki san shi ba, amma cibiyar za ta gina kasafinta a kansa.

Ki dubi abin da zai faru a wancan ɓangaren. Da zarar takardarki ta shiga hannun daraktan cibiya, zai sabunta hayar gini, ya ɗauki mai kula da fitilun dandali, ya ce wa masu zane uku su fara shirin baje kolin baɗi. A wasu ƙasashe, kamar Amurka, akanta ma yana rubuta alƙawarin da ba shi da sharaɗi a matsayin kuɗin shiga tun ranar da aka sa hannu. In kika gaza a shekara ta biyu, ramin da za ki bari ya fi wanda kika tarar, domin an riga an ɗauki nauyi da sunanki. Alƙawari kaya ne, kuma manya ma ya kayar da su. Alberto Vilar, mai kula da jarin mutane a birnin New York, ya yi wa gidajen wasan opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, na Metropolitan a New York da Royal Opera House a Landan alƙawarin miliyoyin daloli, suka sa sunansa a jikin gine-ginensu. Dukiyarsa tana cikin hannun jarin kamfanonin fasahar zamani, da farashinsu ya rushe daga shekarar 2000 sai ya kasa cikawa. Gidajen suka cire sunansa, a 2008 kuma kotu ta same shi da laifin zamba da kuɗin masu zuba jari. Waɗannan gidaje sun tsira ne saboda suna da ɗaruruwan masu ba su gudummawa. Ƙaramar cibiya irin taku ba ta da wannan gatan.

Ga yadda za ki tsara shi. Da farko ki tara abin da zai riƙe ki wata shida ba albashi, a asusun da ba kya taɓawa, domin a wannan sana'a sallama da safe ɗaya take zuwa. Bayan haka ki ɗauki albashinki na wata bayan an cire haraji, ki ware kashi 2 zuwa 5 cikin ɗari, ki ba banki umarnin tura shi ga cibiyar kowane wata. Wannan kaɗai za ki rubuta a takardar alƙawari. Idan bonas ya shigo, tsabarsa ta zauna a asusunki, sai ki yanke abin da za ki ƙara, kashi 10 ko abin da ranki ya ba ki, a matsayin kyautar da ba su sa a kasafi ba. Takardar kanta shafi ɗaya ya isa: adadin, ranakun biya, abin da za a yi da kuɗin, da sharaɗi bayyananne cewa in kika rasa aiki ko lafiya za ki ba da sanarwar wata uku ki dakata. Ki kuma kula kada gudummawarki ta haura kashi 10 na kasafinsu na shekara, don kada tsayuwarsu ta rataya a wuyanki.

Kada ki ɗaure kuɗin da wani baje koli mai ɗaukar ido. Kowa yana son a ga sunansa a bango ranar buɗewa, amma haya da wutar lantarki da inshora da albashin mai kula da ƙofa ba su da mai so, su ne kuwa ke rufe cibiyoyi. Ki rubuta cewa kuɗin na gudanar da ayyukan yau da kullum ne. Sannan ki tambayi sashen ma'aikata na bankinku ko suna da tsarin ninka gudummawar ma'aikaci. Manyan bankuna da dama suna ƙara daidai abin da ma'aikaci ya bayar har zuwa wani iyaka, in dai ƙungiyar tana da rajistar aikin alheri. Ki riƙa karɓar rasit, domin a ƙasashe da yawa ana rage haraji da shi.

Batun abokan hulɗa kuwa amsarsa a'a ce, kuma ki faɗa musu tun yanzu ba kwana-kwana. Sunayen nan da lambobin wayar nan na banki ne, albarkacin kujerarki kika san su. Shugaban kamfanin da kike tsakiyar yi wa aikin sayen wani kamfani, in kika miƙa masa kokon bara, ba shi da sukunin cewa a'a, shi ma kuma gobe zai ji yana binki bashi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Inda abin ya fi muni shi ne in akwai jami'in gwamnati a tsakani. Dokar Amurka ta 1977 kan ba jami'an ƙasashen waje cin hanci da dokar cin hanci ta Birtaniya ta 2010 suna bin bankunan duniya har ƙasashen da suke aiki, kuma sunan sadaka ba ya wanke kuɗi a wurinsu. A 2004 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ta ci kamfanin magunguna na Schering-Plough tarar dala 500,000 saboda reshensa na Poland ya ba wata gidauniyar gyaran tsohuwar fada kimanin dala 76,000, alhali shugaban gidauniyar shi ne jami'in da ke kula da asusun lafiyar yankin da ke da ta cewa wajen sayen magungunansu. Gidauniyar ta gaskiya ce, amma hakan bai hana hukunci ba.

Akwai ƙofar da ta dace. Tallafin da bankuna ke ba fasaha daga sama ake yanke shi, ta gidauniyar banki ko sashen ɗaukar nauyin taruka. David Rockefeller ne ya kafa shirin tara zane na bankin Chase Manhattan a 1959, bankin UBS kuma tun 1994 yake ɗaukar nauyin kasuwar baje kolin Art Basel. Ki nemo wanda ke riƙe da wannan sashe a bankinku, ki samo fom da lokacin karɓar buƙatu, ki miƙa wa cibiyar, ki kuma bayyana a rubuce cewa kina da alaƙa da ita, sannan ki janye hannunki daga shawarar.

Kafin ma ki ce to ga kowane muƙami, sai kin rubuta wa sashen bin ƙa'ida na bankinku. A Amurka hukumar FINRA mai sa ido kan dillalan hannun jari ta kafa doka mai lamba 3270 da ta wajabta wa ma'aikaci mai lasisi sanar da kamfaninsa a rubuce kafin ya shiga wata harka a waje, kuma bankuna da yawa sun faɗaɗa wannan a dokokinsu na cikin gida har ya haɗa da kujerun sa-kai. Za su tambaye ki ko akwai biya, ko za ki riƙa sa hannu a kan kuɗi ko juya jarin cibiyar, ko cibiyar tana da asusu a bankinku, ko a kwamitin akwai abokin hulɗa ko jami'in gwamnati, da awa nawa za ki ba ta a wata. Yawanci izini yana zuwa da sharuɗɗa: ban da sunan banki, ban da imel ɗin ofis, ban da lokacin aiki. Kujerar ma'aji ita aka fi sa wa ido. Abin da ke jawo wa ma'aikata kora a nan shi ne ɓoyewa, ko da aikin kansa ba shi da aibu. Ki kuma kame bakinki a wuraren buɗe baje koli, inda masu kuɗi ke taruwa ana hira a sake. Kalma ɗaya kan cinikin da bai fito fili ba ta isa ta ɓata lasisinki.

Sai lokaci. Tsanin aikinku sananne ne: shekara biyu zuwa uku a matakin mai nazari, uku zuwa huɗu a mataki na biyu da za ki hau yanzu, kwatankwacin haka a mataki na uku da ake wa laƙabi da mataimakiyar shugaba, sannan darakta, sannan manajan darakta. A mataki na biyu aikin na ƙasa da ke zai zama alhakinki, na sama kuma ke za su kira. A 2021 wasu sababbin ma'aikata 13 na bankin Goldman Sachs sun fitar da bayanin cewa suna yin sama da awa 90 a mako, barcinsu kuma bai wuce awa biyar ba. Ko naki bai kai haka ba, matsalar ita ce ba ki san daren da zai ƙwace miki ba. Ki ƙaddara ranar 28 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na dare, kina gyara alƙaluman shafi na arba'in na takardar da za a kai wa abokin hulɗa da safe, wayarki tana haske a gefen kwamfuta, daraktan cibiya ne, albashin mutum shida yana jiran sa hannunki. Ma'aji ba ya cewa sai mako mai zuwa. Kuma kujerar amintacce nauyi ce ta shari'a: a wurare da yawa, in cibiya ta cire harajin ma'aikata ko kuɗin fanshonsu ba ta miƙa wa hukuma ba, ko ta ci gaba da cin bashi bayan an san ba za ta iya biya ba, ana iya bin waɗanda ke riƙe da ragamarta su da kansu.

Don haka ki nemi shiga ƙaramin kwamitin kuɗi a matsayin 'yar sa-kai, ba amintacciya ba, awa huɗu zuwa shida a wata, na shekara guda. Ki nemi takardu kamar yadda za ki nema in kamfani za a saya: takardar rajista da tsarin mulki, rahoton odita na shekara uku, bayanan asusun banki na wata goma sha biyu, kasafin bana, yarjejeniyar haya, jerin basussuka, shaidar biyan haraji da fansho, bayanan zaman kwamiti huɗu na baya, da takardar inshorar da ke kare amintattu. Ki tambayi dalilin tafiyar tsohon ma'aji, in da hali ki ji daga bakinsa. Daga nan ki lissafa wata nawa kuɗin hannu da ba a ɗaure da wani aiki ba zai riƙe su, gwargwadon abin da ake kashewa a wata. In amsar ba ta kai wata uku ba, cibiyar tana bakin rami. Ki duba ko mutum biyu ke sa hannu kafin kuɗi ya fita. Abu biyu ne suka fi ɓuya a irin waɗannan wurare. Na farko, kuɗin da aka bayar don wani takamaiman aiki a karkatar da shi zuwa albashi da niyyar za a mayar. Na biyu, a sayar da zanen da mai shi ya ajiye, a biya haya da kasonsa, a riƙa ce masa mai saye bai gama biya ba. Ki ɗauki jerin zanen da aka sayar bara ki gwada shi da jerin abin da aka tura wa masu zanen. In akwai giɓi, wannan bashi shi ne farkon abin biya.

Kyautar da ta fi kuɗinki daraja a wannan shekarar ita ce jadawalin shige da ficen kuɗi na mako goma sha uku, wanda ake sabuntawa duk mako, irin wanda ake yi wa kamfanin da ke cikin matsi. Ki haɗa musu shi cikin sauƙi yadda za su iya riƙe shi ba tare da ke ba. Ki kuma koya musu fitar da ainihin kuɗin kowane baje koli: firam, dako, inshora, buga takardu, fitilu, ladan mai zane, da ƙarin kashi 10 zuwa 15 na ko-ta-kwana. Wasan dandali kuma a yi lissafinsa a kan cikar kashi 60 na kujeru, kada a ɗora shi a kan cika maƙil.

A nan ne masu sana'arku suka fi yin kuskure, kuma muna roƙonki ki kiyaye. Idonku ya saba ganin duk abin da ba ya kawo riba a matsayin abin yankewa. Masana tattalin arziki William Baumol da William Bowen sun nuna tun 1966 cewa wasan dandali ba ya samun sauƙin da inji ke kawo wa masana'anta: wasan da ke buƙatar mutum goma da awa biyu haka yake buƙata yau kamar shekaru ɗari da suka wuce, alhali albashi da haya suna ta hawa. Giɓin da ke tsakanin kuɗin tikiti da kuɗin da aka kashe ɗabi'ar aikin ce, gudummawa kuma don cike shi ake nemanta. Aikinki ki tabbatar an san girman giɓin tun kafin a shiga. Zaɓen wane zane za a rataya ko wane wasa za a ɗora na daraktan fasaha ne, ko da ke kika biya. Otto Kahn na bankin Kuhn, Loeb ya sha cike giɓin gidan opera na Metropolitan daga aljihunsa, amma abin da aka fi tunawa da shi shi ne hannun da ya sa wajen ɗauko manaja Giulio Gatti-Casazza da jagoran makaɗa Arturo Toscanini daga gidan opera na La Scala a Milan a 1908, wato samo ƙwararru a damƙa musu dandali.

In kina son kuɗinki ya isa hannun mai zane kai tsaye, ki sayi aikinsa. Gidan baje koli yakan ɗauki rabin farashi, don haka duk ragin da kika nema yana taɓa mai zanen. Ki biya cikin kwana talatin. Rasit ɗin ya ƙunshi sunan mai zane, sunan aikin, shekara, kayan da aka yi shi da su, da girmansa. Sayen zane ba ya ba ki haƙƙin buga shi ko sayar da hotonsa, wannan yana nan hannun mai shi. In aiki kika ba shi ya yi miki, ki raba biyan kashi uku: farawa, tsakiya, da miƙawa. Ki nisanta zanen daga hasken rana da bango mai danshi, musamman na takarda. Kada ki saya da tunanin jari: gidajen gwanjo suna ɗora wa mai saye la'adar kusan kashi ɗaya bisa huɗu, yawancin ayyukan matasa ba su da kasuwar sake sayarwa, kuma wanda ya yi saurin kai zane gwanjo yana iya karya farashin mai zanen, gidajen baje koli su daina sayar masa.

Ajiye aiki kuwa, ki lura da abu ɗaya: ranar da kika koma cibiyar, ta rasa mai ba ta gudummawa, ta kuma ƙara mai karɓar albashi. Waɗanda ake ambata a wannan fage sai da suka kafu tukuna. Attajirin banki J. P. Morgan yana da shekara 67 ya zama shugaban gidan tarihi na Metropolitan da ke New York a 1904. Robert Lehman ya jagoranci bankin gidansu har rasuwarsa a 1969, sannan tarin ayyukansa sama da 2,500 ya koma wannan gidan tarihin. Ba muna cewa ki jira furfura ba. In bayan shekara uku ko huɗu zuciyarki tana nan, za ki fita da matsayin mataimakiyar shugaba, wanda ke buɗe ƙofar daraktan kuɗi a babban gidan tarihi ko gidan wasa, ko sashen ba da rance a kan zane a gidajen gwanjo da bankunan masu hannu da shuni. Kafin ki miƙa takardar barin aiki ki tabbatar kina da abin riƙe kai na shekara guda, ki san nawa ne na hannun jarinki zai salwanta, ki kuma ga cewa albashin da za a ba ki daga kuɗin shiga na dindindin zai fito, ba daga tallafin shekara ɗaya ba. In kuwa gajiya ce ke tura ki, wannan wata matsala ce daban da ke neman hutu ko canjin sashe, kada ki ɗora wa cibiyar maganinta.

A wannan makon ki rubuta wa sashen bin ƙa'ida tukuna. In izini ya fito, ki zauna da daraktan cibiyar ki ce masa: kaza zan riƙa turowa duk wata har shekara uku, ga sharaɗinsa, zan yi aiki da kwamitin kuɗi na shekara guda, ba zan iya haɗa ku da abokan hulɗar bankinmu ba, amma ga fom ɗin gidauniyarmu, ga kuma jerin takardun da nake so in gani. Ku sa ranar da za ku sake duba batun kujerar, bayan rahoton odita na gaba ya fito kuma kin ga yadda sabon matsayinki ke cin lokacinki.